Hannun Iya A'i da Kishin Ummulkhair

Kafin 'yan adaidaita sahu su cika titunan Gumel da ƙara, Iya A'i ta riga ta isa asibiti. Da ta idar da sallar asuba take yafa mayafinta, ta rataya jakarta ta buhu, ta taka da ƙafa tun daga unguwarsu. Ita ce mai buɗe ɗakin gashi, ɗan ɗakin nan na can ƙurya inda ake motsa jikin waɗanda gaɓoɓinsu suka daina yi musu biyayya. Ta share, ta goge, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗora ruwan zafi, sannan ta zazzage jakar: cokula masu nauyi da ta naɗe wa mariƙi da robar taya, kofuna masu hannu biyu, da 'yan jakunkunan yashi da ta ɗinka da tsofaffin zannuwanta. Kafin ƙarfe bakwai bencin ƙofa ya cika da mata da goyo.

Shekara talatin da biyar ta yi a haka, sai ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. Sunanta na takarda A'ishatu Hussaini, amma in ka tambaya da wannan sunan ba mai nuna maka ita. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Da tsintsiya ta shiga asibitin. Wani jami'in gashin ƙashi ne ya lura yara suna yin shiru in ta ɗauke su, ya ce ta riƙa kama masa aiki. Aka sauya masa wuri, aka kawo wani, shi ma ya tafi, har mutum shida. Ita tana nan, kowanne ta tsinci abin da za ta tsinta a hannunsa ta adana.

Yawancin mutanenta waɗanda numfashi ya taɓa ɗauke wa ne na 'yan mintoci. Jaririn da ya daɗe a hanya ya fito bai yi kuka ba. Magidancin da hayaƙin janareta ya sumar a ɗaki. Mai haƙar rijiya daga Ɗanzomo da iska ta ƙare wa a can ƙasa. Rai ya dawo, amma ƙwaƙwalwa ta ji jiki, sai jiki ya ƙi bin umarni: wani ya sandare, wani hannunsa ya murɗe, wani kuma ya riƙa fizga ba da sonsa ba.

Ban taɓa ganin ma'aikaciyar da aka yi kishi a kanta kamar wannan baiwar Allah ba. Matan garin Sule Tankarkar suna ƙorafin ta fi daɗewa a kan 'ya'yan Gumel. Na Gumel suna cewa ranar kasuwar Maigatari ba a ganin idonta, don ta ba matan tsallaken iyaka, masu kiranta lokotoro, wato likita, duk lokacinta. Amma wannan duk ƙorafin benci ne. Kishin da ya yi zafi har ya kusa cin wata yarinya, na Ummulkhair ne, wata mata daga Gagarawa. Ita ta ba ni labarin da bakinta, ta ce in rubuta kada in rage komai.

Ummulkhair matar Malam Habibullah ce, manomin riɗi. 'Yarsu ta fari, Muhsina, tana da shekara bakwai a lokacin, yarinya mai surutu da rawar kai. Wata rana da damina ta bi ƙawayenta bakin kududdufi, takalminta ya faɗa ruwa, ta miƙa hannu ta ɗauko, ƙasa ta zame da ita. Wani makiyayi da ake kira Dogo, wanda ya kawo shanu shan ruwa, shi ya tsamo ta. Ba ta numfashi. Ya yi ta danna mata ƙirji yana hura mata baki har ta amayar da ruwa. Kwana tara ta yi a asibiti a Gumel ba ta san inda take ba. A na goma ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta gane ta. Ummulkhair ta faɗi ta yi sujada a kan siminti.

Sai ta miƙa mata kofin ruwa. Yarinyar ta ɗago hannu, hannun ya fizge, kofin ya bugi bango.

Haka ciwon ya bayyana kansa. In Muhsina tana kwance, lafiya lau kamar ba abin da ya same ta. Da ta yi niyyar yin wani abu, sai jiki ya kama fizga. In aka tsayar da ita, gwiwoyi su lanƙwashe. In ta buɗe baki, magana ta maƙale a maƙogwaro, ga shi kuwa hankalinta ras, tana jin kowa. Likita ya yi musu bayani cewa mintocin da ta yi babu numfashi sun taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Ya rubuta magani, ya ce zai rage amma ba zai gama ba, ya tura su ɗakin gashi.

'Yan uwa kuwa sun riga sun yanke hukunci. Ruwa ne, suka ce, kuma kowa ya san ruwa da masu shi. Kakar yarinyar ta faɗa a gaban Iya A'i ranar farko, ta ce iska ce ta shige ta.

"Hajiya, ba iska ce ta shige ta ba," in ji Iya A'i tana ɗaura wa Muhsina 'yar jakar yashi a wuyan hannu. "Iska ce ta rasa. Ku ci gaba da addu'a, ku bar min hannun nan."

Ummulkhair ta ce ranar ji ta yi kamar ta rungume ta.

Litinin da Laraba suke zuwa daga Gagarawa. Iya A'i ba ta zama a gaban yarinyar, sai a gefenta. Ta sa mata cokali mai nauyi a hannu, ta ajiye kwanon shinkafa, sannan ta ɗauke kai tana ba ta labarin wata akuyarta mai satar dawa. Shinkafa ta watse a tabarma, ko kallo ba ta yi ba. A mako na uku cokali ya isa baki. Ummulkhair ta yi murna, ta karɓi cokalin da jakar yashin ta tafi da su gida. Ta zaunar da 'yarta, ta durƙusa a gabanta, ta ce, "Yauwa, 'yar albarka, yi wa Umma yadda kika yi wa Iya." Hannu ya tashi, ya fizge, shinkafa har a gashin uwar. Aka sake, aka kuma sakewa. Ko sau ɗaya bai isa ba.

Ranar Laraba, a gefen Iya A'i, Muhsina ta ci cokali biyar.

Daga nan abin ya fara. Ummulkhair ta koma zama a bakin ƙofa tana kallon hannuwan matar nan, hannuwa ne masu kaushi, duk sabulun wanki ya tsattsaga su, tana tambayar kanta me ke cikinsu da babu a nata. Ita ta ɗauki cikin yarinyar nan. Ita ta yi kwana tara a ƙasan gadon asibiti. Ita ke yi mata wanka, ta kai ta bayan gida, ta goya ta tana 'yar shekara bakwai har bayanta ya ƙage. Amma safiyar Litinin da ta Laraba ne kawai ke sa fuskar Muhsina haske. Tun a mota take leƙen hanya. In suka shiga ɗakin, Iya A'i ta ce, "Ga ƙawata ta iso," sai yarinyar ta washe baki irin yadda ta daina yi a gida. Ummulkhair ta fara neman laifin Iya A'i, ta rasa. Rashin laifin ma ya ƙara mata haushi.

A wata na huɗu abin ya kai ƙarshe. An tsayar da Muhsina tsakanin gora biyu da aka kafa don koyon tafiya, Iya A'i ta juya wurin wani jariri. Yarinyar ta ga an bar ta, ta yunƙura, wuyanta ya miƙe, sai aka ji, "I... Iya!" Kalmarta ta farko ke nan tun ranar kududdufi. Ɗaki ya ɗauki guɗa. Wata mata ta rungume Ummulkhair tana yi mata barka. Ta yi murmushi, ta amsa, sannan ta zame ta zagaya bayan ɗakin ta toshe baki da mayafi. Wata huɗu tana zaunar da yarinyar nan tana maimaita mata "Umma, Umma", kamar mai koya wa jinjiri.

Litinin ta zo, ba su je ba. Ta ce wa mijinta hanya tana gajiyar da yarinyar.

Malam Habibullah ya dube ta. "Umman Muhsina, kin tabbata hanya ce?"

"To mece ce in ba hanya ba? Ni ban iya rainon 'yata ba ne?"

Mako uku suka yi a gida. Ummulkhair ta ɗaura ɗamarar nuna wa duniya ita ma za ta iya: safe, rana, yamma, cokali da kwano. Muhsina ta koma baya. Abin da ta fara iyawa ya zube, ta fara kawar da kai in ta ga kwanon. Wata rana uwar ta daka mata tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun ciwon, jikin yarinyar ya kama fizga tun daga kafaɗa har ƙafa. Ummulkhair ta san tana cutar da 'yarta. Ta sani sarai. Amma in ta tuna guɗar nan, sai ta ji gara komai da ta koma.

Ranar wata Asabar da rana tsaka, aka yi sallama a tsakar gida. Iya A'i ce, ƙafafunta butu-butu, don daga inda motar haya ta sauke ta takowa ta yi. Ba ranar aiki ba ce, ba kuma wanda ya aiko ta.

"Sannu da zuwa, Iya," in ji Ummulkhair, murya ba yabo ba fallasa. "Ai da ba ki wahalar da kanki ba."

Muhsina ta ji muryar daga ɗaki ta fara yunƙuri. Iya A'i ta ɗaga murya ta ce, "Ki yi haƙuri, ƙawata, yau wurin uwarki na zo." Ta zauna a tabarma ta sha ruwa. Aka gaisa, aka tambayi mai gida, aka tambayi amfanin gona, magana ta ƙare. Ummulkhair ta kasa riƙe abin da ke ranta.

"Iya, don Allah me kike ba ta? Me kike yi mata da ni ban yi ba? Ni na haife ta, amma ke take ci a hannunki, ke ta fara kira. Ke ba za ki gane yadda abin yake ba."

Iya A'i ta juya kofin da ke hannunta. "'Yata ta fari ba ta yi kuka ba da aka haife ta. Shekara huɗu na goya ta, ba ta taɓa kiran kowa ba, har Allah ya karɓi abarsa. A lokacin shara kawai na iya." Ta ajiye kofin. "Tashi ki ba ta abinci in gani. Ni zan tsaya a bayan ƙofa."

Ummulkhair ta tashi. Ta durƙusa gaban 'yarta kamar kullum, ta sa mata cokali. Hannu ya fizge. Sau uku. Iya A'i ta yafito ta waje.

"Kin ga kanki kuwa? Kin kafe ta da ido, numfashinki ma kin riƙe. Wannan ciwon, 'yar nan, iya yadda mutum ya matsu ya yi daidai, iya yadda jikin ke ƙara fizga. A gabana in ta zubar, ta zubar. Ni wace ce? Tsohuwa ce mai labarin akuya. A gabanki kuwa, in ta zubar gani take ta ɓata miki rai. Don ta fi son ki ne hannunta ya fi rawa a gabanki."

Ummulkhair ta ce a hankali, "To sunan fa?"

"Faɗi 'Iya' ki ji. Baki a buɗe yake. Yanzu faɗi 'Umma'. Sai kin haɗa leɓe kin riƙe. Leɓenta ba su kai nan ba tukuna. Ba zaɓe ta yi ba, mai sauƙin ta ɗauka."

Na tambayi Ummulkhair ko nan take kishin ya fita. Ta yi dariya ta ce, "Ina! Wani sabo ne ma ya taso. Na ce wato har abin da ke zuciyar 'yata matar nan ta fi ni sani." Amma ta yi abin da aka ce. Ta zauna a gefen Muhsina, kafaɗa da kafaɗa, ta ɗora faifan gyaɗa a cinya tana ɓarewa, idonta a kan faifan, tana ba ta labarin bikin da za a yi a maƙwabta. Ta ji cokali ya faɗi, ta daure ba ta waiwaya ba. Ya sake faɗuwa. A karo na huɗu ta ji ƙarar ƙarfe a haƙori. Ta buɗe baki za ta yi guɗa, ta hango Iya A'i a bakin ƙofa ta ɗora yatsa a leɓe. Ta haɗiye guɗar, ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, hawaye na ɗiga a faifai.

Iya A'i, ke ce kika yi abin da masu takardu da yawa ba sa iyawa: kika ja da baya a daidai lokacin da ake tafa miki. Daga ranar nan ba ki sake ba Muhsina abinci da hannunki ba. In sun zo, uwar kike zaunarwa a tabarma, ki koya mata inda za ta riƙe da inda za ta saki, ke kuma ki koma gefe kina naɗe cokula. Yarinyar ta yi fushi da ke, makonni tana kawar miki da kai. Malama Zakiyya, nas ɗin da kuka daɗe tare, ta shaida min ta taɓa samun ki kin yi tagumi bayan sun tafi, ta ce, "Iya, abin nan ba ya yi miki zafi?" Kika ce, "Yana yi mana. Amma ni wata rana zan yi ritaya, uwarta ba za ta yi ba."

Kalmar da Ummulkhair ke jira ta zo a wata na tara, ba a ɗakin gashi ba, ba kuma a gaban kowa ba. Ta shanya gero a tsakar gida ta shiga madafa, sai ta ji daga inuwa, "Um...ma! Akuya!" Ta fito ta tsaya. Akuyar maƙwabta ta sa kai a geron. Ummulkhair ta ce wallahi barin ta ta yi ta ci har ta ƙoshi.

Yau Muhsina tana da shekara goma sha huɗu. Ba ta warke ba, kuma Iya A'i ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Har yanzu tana shan magani, hannun yana fizga in ta gaji ko aka firgita ta, tana tafiya da sanda. Amma tana cin abincinta, tana alwala da kanta, tana zuwa makaranta, tana rubutu a hankali da biro mai kauri. Surutun kuwa ya dawo, har uwar kan ce ta yi mata shiru.

Irin su Muhsina suna da yawa a tsakanin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ke ce kika bi wasu har rugage, kika zauna da iyayensu kina lallashi da 'yar Fillancin da kika tsinta, har suka yarda suka fito da yaran da aka ɓoye a ɗaki don kunya. Ke ce kika sa mai haƙar rijiyar Ɗanzomo ya sake ɗaura wa kansa tazuge bayan shekara guda ana ɗaura masa. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba. Ba ki da lambar yabo ko ta kwali. Uwar marasa gata, mai haƙurin jiran cokali ɗaya har mako uku, mun gani, mun kuma shaida.

Ranar da aka yi mata walimar ajiye aiki a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin gashi, mata suka cika wurin, kowace tana son a ce ita ta fi kusa da Iya, har aka ɗan yi cacar baki a kan wadda za ta zauna a damanta. Da aka ba Ummulkhair dama, ta miƙe, ta gyara mayafi, ta faɗi duk abin da kuka karanta a gaban jama'a, ba ta ɓoye ko makonni ukun nan ba. Sannan ta juya ta dubi tsohuwar.

"Iya, ki yafe min. Kuma in gaya miki gaskiya, har yau ina kishinki. Da a kan 'yata nake yi, wannan kin raba ni da shi. Yanzu ladanki nake kishi. In na tuna yawan yaran da suka bi ta hannunki, in dubi kaina da guda ɗaya tak, sai in ji ina ma ni ce."

Iya A'i ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Ke dai Ummulkhair ba kya rabuwa da rigima."

To jama'a, irin wannan kishin nake roƙon Allah ya jarabce mu da shi. Ma'aikacin lafiya da ke ganin ɗakin gashi ƙasƙanci ne, ya yi kishin matar nan. Matashiyar da ke cewa ba ta da takardar da za ta taimaki kowa, ta tuna da tsintsiya aka fara. Wanda ke da yaro irin wannan a gida, ya fito da shi ya kai shi asibiti, ba abin kunya ba ne, ba kuma laifin uwarsa ba ne. Wanda kuma Allah ya ba baiwar da mutane ke gudowa wurinsa, ya koyi mayar da su hannun nasu.

Iya A'i, mun gode. Gumel ta gode, ƙauyuka da rugage sun gode, masu iya faɗa da waɗanda bakinsu bai kai ba. Allah ya ba ki hutu cikin lafiya, ya haɗa ki da 'yarki a inda za ta kira ki da bakinta. Ranar da tsufa zai sa naki hannun rawa, Allah ya kawo wanda zai zauna a gefenki, ba tare da gaggawa ba.